Alluna Goma Sha Ɗaya na Taubashina

Na iso Filinge kwana ɗaya bayan an rufe taubashina. An kira ni a waya tun yana kwance, aka ce ɓarin jikinsa ya shanye kuma magana ta ɗauke. Ina jiran likitan ido a Yamai a lokacin, ga hanya ba daɗi, sai na ce a gaishe shi, ina nan tafe. Kwana goma sha biyu ya yi a kwance.

An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har gindin dogon yaron da ke bakin hanya. Kurfayawa na cewa Allah shi gafarta mishi, Zabarmawa na cewa fonda tilas, Fulani da Buzaye su zauna jim kaɗan, su shafa, su tashi. Ni ke amsa wa kowa da harshensa, don aikina ke nan tun ina saurayi, tafinta. Na zauna makoki a Kumasi inda ake kiɗa da jan zane, na zauna a Jidda inda ake jera kujeru a miƙa gahawa, amma ban taɓa ganin inda masu ta'aziyya ke zuwa da cocila a aljihu ba sai a nan. Wani dattijo ya fito da tasa cocilar bayan an shafa fatiha, guntun tiyon ruwa ne da ƙwan fitila ɗaya a baki. Ya jujjuya ta a hannu, ya dube ni, ya mayar. Wata mai fura ta aiko da gaisuwa, ta haɗa da tambayar wa zai riƙa gyara musu yanzu. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, kuma duk wanda ya san shi ya sunkuyar da kai, don ba shi da haƙuri ko kaɗan sai da waya da dalma. Wani mahauci da ke gefena ya ce a hankali, "Yat tahi da asirinai."

Na san babu wani asiri. Alluna ne goma sha ɗaya jingine a zaurensa, a kansu ya zana duk abin da ya gano, kuma na yi masa alkawarin zan kwafe su a takarda don kada aikin ya bi shi kabari. Kayen da na saya don haka, wato littafin rubutu, yana cikin jakata, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Na ce wa raina in an yi sadakar bakwai zan shiga zauren in cika alkawari.

Ɗan wan mahaifiyata ne, taubashina ke nan, ya girme ni da damina takwas. Tsofaffin da ke wurin sun so in yi abin da taubashi ke yi, in zage shi ko yana ƙasa don mutane su ɗan sake. Na gwada. Na ce ya tafi ba sallama kamar yadda ya saba tashi daga hira. Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban ƙara ba.

Aku yake ce mini, wai ba ni da magana tawa sai ta mutane. Ni kuma ina ce masa Bokan Pil. Pil shi ne batirin cocila a bakinmu na nan. Bai shiga lakwal ya yi boko ba, allo kawai ya yi, kuma bai taɓa wuce Yamai ba. Gyaran rediyo ya koya tun zamanin manyan rediyo masu cin pil shida, ya rayu da shi shekaru, har wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar. Yana cikin wannan zaman banza ne ƙananan ƙwayayen fitilar nan farare suka shigo, waɗanda ba sa zafi, ba sa ƙonewa. Na farkonsa daga gindin abin kunna taba ya ciro shi. Ya ga ƙwan ba ya kamawa da pil ɗaya, sai biyu ko uku, kuma su kasance da ƙarfinsu. Mutumin ƙauye da ke sayen pil ɗaya ranar kasuwa ba zai mori wannan ba.

Wani matafiyi ya taɓa kawo masa 'yar fitila mai pil ɗaya ta gyara. Ya buɗe ya tarar an liƙe cikinta da baƙin roba, ba a ganin komai. Abin da ya ɗauka daga nan kawai shi ne tunda wani ya yi, to ana yi. Rani biyu ya kwashe yana ƙona kaya kafin ya dace.

Abin da ya haɗa bai kai kan babban yatsa ba. Akwai zobe, wani baƙin ƙarfe mai rami da yake ciro wa daga matattun ƙwayayen lantarki masu murɗaɗɗen gilashi. A kansa yake naɗa siririyar wayar jan ƙarfe guda biyu. Akwai taransisto, da yake kira mai ƙafa uku. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zanen launi, wanda ya sa wa suna birki, don shi ke hana mai ƙafa uku zarin ci. Shi ke nan, sai ƙwai da pil. Da wannan, pil ɗin da rediyo ta ƙi, wanda aka jefar a juji, sai ya ba da haske na kwanaki.

Na taɓa tambayarsa yadda abin ke aiki. Ya ce in tuna rijiyar garin kakanninmu mai gaba talatin. Tsohon jaki ba zai ja babban guga ba, amma in ka ba shi ƙarami zai ja. To mai ƙafa uku shi ke sakin ƙaramin guga yana janyewa, sau dubbai kafin ka ƙifta ido, zobe yana tarawa yana watsa wa ƙwai. Na yi wa injiniyoyi tafinta shekara da shekaru a wuraren haƙar rijiya, ban ji wanda ya yi bayani ya zauna mini kamar wannan ba.

Wahalar tana wurin naɗi. Zobba ba iri ɗaya ba ne. Wani yana son naɗi kaɗan, wani da yawa, kuma ido ba ya bambance su. Ba shi da na'urar awo. Pil da harshe yake ɗanɗana shi. Zobe kuwa da kunne: sai ya kunna rediyo ya kai allurar tsakanin tasha da tasha inda babu magana, ya matso da abin da ya haɗa kusa da ita. Rediyon sai ta fara wani siririn kuka. In kukan ya yi kauri ya warware naɗi biyu, in ya yi tsini har yana ɓacewa ya ƙara. Akwai muryar da yake nema, ya ce kamar ta gyare a farkon damina. In ya same ta sai ya ce, "Yawwa, ta yi sallama," ya ɗauko ƙarfen da ya dasa a garwashi ya liƙe da dalma. In kana magana a lokacin sai ya kore ka, ko kai wane ne. Ya taɓa korar wani babban ma'aikacin gwamnati daga zauren, mutumin ya tsaya a rana da rediyonsa a hannu har aka gama.

Duk irin zoben da ya gane, da irin fitilar da ya dace da ita, sai ya ɗauki allo. Takarda gara ke ci, in ji shi, kuma hannunsa bai saba da alƙalamin bik ba. Ya rubuta Bismillahi a sama, kamar yadda ya saba tun yana yaro, sannan ya zana da'ira da layuka masu shiga da fita, da gidaje huɗu-huɗu da yake cika wa da lambobin Larabci, da bayani a ajami a gefe. Akwai allon fitilar makiyaya, mai daɗewa. Akwai na ungozoma, mai ƙwai uku da haske sosai, wanda ke cinye pil da wuri. Akwai na masu tebur a kasuwa. Wanda bai sani ba, in ya hango allunan zai rantse hatimi ne. Shi kuma yana jin daɗin hakan. In baƙauye ya tambaye shi yadda mataccen pil ke tashi, sai ya nuna alluna da haɓa ya ce asiri ne, ya tofa wa fitilar iska kafin ya miƙa. Na ce masa wata rana wasan nan zai ja masa. Ya ce ai ni ne ba ni da abin ɓoyewa, shi ya sa nake yawo da bakina a buɗe.

Lokacin da mutanen Mali suka cika sansanin gudun hijira na Abala, an raba musu fitilu masu cajin rana. Bayan shekara ɗaya ko biyu batirin cikinsu ya mutu, aka fara zubar da su. Ya riƙa bin motar kasuwa yana zuwa. Ya zauna a inuwa da garwashinsa, mata su kawo matattun fitilu, ya ciro ƙwan ya haɗa musu irin tasa fitilar a cikin gwangwanin tumatir. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Abin da yake karɓa shi ne gawar fitilar, don akwai waya a ciki. Matarsa ta yi ta faɗa, wai yana dawowa da shara maimakon cefane. Ya ce mata wata tsohuwa a can ta riƙe hannunsa ta yi ta magana har ya gaji da tsayuwa, bai san me ta ce ba, amma bai yi kama da zagi ba.

Faɗanmu ni na jawo shi. Ina aiki da wani Bature a wajen haƙar rijiyoyi, ya ga cocilar da taubashina ya ba ni, ya buɗe ta. Ya yi murna ƙwarai, ya ce ai wannan sanannen abu ne a wurinsu, har suna gare shi da Ingilishi, ma'anarsa ɓarawon wuta. Ya buga mini zanensa a takarda. Na taho da ita Filinge ina ɗoki, na same shi ranar kasuwa cikin mutane, na ce ashe shekarun nan ɓarawo yake ƙerawa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɓarawo abin da mai shi ka so shika ɗauka. In an gama girbi, an ɗaure damma an kai rumbu, tsohuwa ta shiga gona ta tsinci zangarniyad da ta hwaɗi, sata ta yi?"

Na ce a'a, kala ta yi.

"To kala nika yi. Ka gaya ma Nasaranka."

Sai ya karɓi takardar. Ya riƙe ta a juye, ya gyara, ya bi layukan da farce. Na ga lokacin da ya gane abinsa a ciki. Ya tambaye ni tun yaushe suka sani, na ce da daɗewa. Ya ce ashe an riga shi. Can ya ce in karanta masa naɗi nawa suka ce. Na duba na ce ashirin. Ya ce a kan wane zobe? Takardar ba ta faɗa ba. Ya ce to takardata ba ta san komai ba, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Damina biyu bai yi mini wasa ba. In na zo sai ya tashi ya gaishe ni da ladabi, ya ce sannu da zuwa Alhaji, yaya iyali. Wanda ba shi da taubashi ba zai san zafin wannan ba. Na gwammace ya zage ni a tsakiyar kasuwa.

Rasuwar matata ce ta shirya mu. Ya hau mota ya zo Yamai, shi da ke ƙin garin. Bayan mutane sun watse da la'asar ya zauna kusa da ni, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Aku, ka tsuhwa." A ranar ya yi mini maganar alluna. Ya ce idonsa ya fara yana, hannunsa na rawa da safe. Babban ɗansa yana Aljeriya yana aikin gini, ƙaramin yana tuƙin babbar mota, ba wanda ya taɓa zama ya ga naɗi ɗaya. Samarin gari gyaran waya suke so, inda ake canza gilashi a sallami mutum. Ya ce in zo da kaye in zauna kwana uku, shi yana karanta allo yana bayani, ni ina rubutawa da boko da Faransanci, a ajiye ko wani zai nema wata rana. Na ce bayan Salla.

Salla uku ta wuce. Zan iya cewa hanya ce, zan iya cewa ido ne, kuma duk gaskiya ne. Amma abin da ke ƙasan raina shi ne ai abin yana cikin littattafan Turawa, ba zai ɓata ba. Ban taɓa faɗa masa haka ba. Ina jin ya sani.

A Kumasi na ga makaniki da almajiransa goma, in ya mutu washegari a buɗe gareji. A Legas in ka ƙera abu yau, kafin mako wani ya kwaikwaya yana sayarwa a gabanka, ka ji haushi amma abin ya rayu. A Sabha ba a gyara komai, a jefar a sayi sabo. Mu a ƙasar Kurfai ba mu da kuɗin jefarwa, ba mu kuma da masu gado. Masaƙan unguwarmu haka suka ƙare, da mutumin da ke gane inda ruwa yake a ƙasa ta wurin ciyawa. Ana jana'izarsu a ce sun tafi da asirinsu, kamar abin yabo ne.

Sau ɗaya na zo da kayen da niyya. Na tarar da wani manomi daga ƙauyukan bayan Sanam zaune a zauren. Ya ce fitila yake so wadda ba a hangowa daga nesa. A garinsu yanzu haske shi ke kiran mutanen nan masu babura. Yana son abin da zai nuna masa inda zai sa ƙafa saboda kunama, matarsa ta ga bakin jariri, amma wanda ke bayan gari kada ya ga komai.

Taubashina ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zazzage gwangwanin birki ya zaɓi mafi ƙarfi, ya rage naɗi, ya tura ƙwan can cikin tiyo yadda hasken ba zai fantsama ba. Yana da wani ɗakin harawa marar taga a bayan gida inda yake gwaji da rana tsaka. Ya tura ni ciki da fitilar, ya ja ƙofa ya bar 'yar kafa, shi da manomin suka ja da baya suna leƙe. Sau uku yana ce mini in fito, ya rage, in koma. A na huɗu manomin ya ce bai ga komai ba. Ni a ciki ina ganin yatsun ƙafata da ƙyar.

Da mutumin ya tafi, ya ɗauko sabon allo, na goma sha ɗaya, ya fara zane. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Shekara nawa ina biɗar haske, yanzu duhu aka so." Kayen yana kan cinyata. Aka kira azahar, daga masallaci aka ja ni gaisuwar wani maras lafiya, da safe motar Yamai ta samu rakiyar sojoji aka ce wanda bai bi ta ba sai wani mako. Na ce masa zan dawo. Ya ce aku dai ba ya rasa abin faɗa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar bakwai, bayan an raba waina an watse, na ce a buɗe mini zauren. Ƙanwarsa ce ta kawo mabuɗi. Ita ma taubashiyata ce, tana aure a wani ƙauye wajen Abala, ta zo jinya tun kwana na biyu da faɗuwarsa. Komai yana inda ya bar shi, rediyo, kaskon garwashi, gwangwanayen zobba. Allunan suna jingine a bango, an jera su da kyau. Na ɗauki na farko na juya. Fari fat. Na ɗauki na biyu.

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ai ba mu bar shi haka nan ba, Alhaji. Da maganin likita bai yi ba, nic ce tunda shi yar rubuta su da hannunai, babu rubutun da za shi karɓi jikinai kamar su. Kullum guda nika wankewa in ba shi."

Na tambaye ta ko ya sha.

"Da hwari shina ƙi. Shina kauda kai, shina ta nuni da hannun da ka motsi, hawaye na zuba. Sai mun riƙe shi. Ka san halin maras lahiya. Amma daga na bakwai ya bar ƙi, da na kawo shika buɗe baki."

Na zauna a kan buhun da yake zama. Ta ce ko akwai wani allon da ta manta, na ce babu, duka ke nan. Ta ce alhamdu lillahi, ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Na ce Allah ya saka mata da alheri. Har yau ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ta ga Bismillahi a sama, ta ga gidajen lambobi, ta ji duk gari na cewa asiri ne, ɗan'uwanta kuma yana mutuwa. Ni ne na san ko mene ne, kuma ina Yamai.

Na fitar da allunan rana ina karkata su. Itace yana riƙe inuwar tawada, amma ya sha wankewa da sake zane a kansu shekara da shekaru, inuwa ta hau inuwa. Na ga da'ira a kan da'ira, da wani abu mai kama da bakwai ko biyu. Ban kwafi komai ba.

Sai na yi tunanin fitilun da ya riga ya haɗa. In na buɗe ɗaya na warware naɗin ina ƙirgawa, aƙalla zan tsirar da allo ɗaya. Na tambaya aka ce wadda ta fi kowace kyau tana wurin matarsa, ya haɗa mata ita da hannunsa bara, da ita take duba tukunya da shiga ɗaki. Tana takaba, don haka daga bayan asabari muka yi magana. Na gaya mata abin da nake so. Ta tambaya ko zan mayar da ita yadda take. Na ce in sha Allahu. Ta miƙo ta ta ƙarƙashin asabarin.

Da hantsi na zauna a zauren na buɗe. Ya dafe zoben da ƙaro don kada waya ta motsa, sai da na jiƙa shi. Na warware a hankali ina ƙirgawa da ƙarfi. Waya ta farko naɗi goma sha tara, ta biyu goma sha ɗaya. Na rubuta a kaye, na zana inda kowace ƙafa ta tafi gwargwadon abin da idona ya gani. Na sake naɗawa, na hura garwashi, na liƙe. Na shiga ɗakin harawa na danna. Ba ta kama ba.

Na tuna ya taɓa cewa wayoyin biyu ba sa shiga ta ƙofa ɗaya, kan wannan da wutsiyar waccan ake haɗawa. Amma bayan na warware su duk bakin waya iri ɗaya ne. Na sauya, ba ta kama ba. Na kunna rediyonsa na kai tsakanin tasha, na matso da abin, ba kuka, sai shuu. Na sake ɗora ƙarfe, na daɗe a kan mai ƙafa uku har na ji ƙauri, ƙafa ɗaya ta ɓalle ta bi ƙarfen. Na zazzage gwangwaninsa na samu wasu masu ƙafa uku fiye da ashirin, kowane da lambarsa, ban san wanne ne ɗan'uwan wannan ba. Kwana biyu ina gwadawa.

A rana ta uku na kai wa wani mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce ya san aikin tsoho ne amma shi bai taɓa naɗa zobe ba, kuma ko ya koya ba wanda zai biya wahalar. Ya nuna mini teburin da ake sayar da cocilan China. Na sayi ɗaya mai pil uku.

Na koma na yi sallama a bakin asabari. Na gaya mata gaskiya, na ce na ɓata fitilar, ga wata na kawo. Na tura su biyun ta ƙasa. Na ji ta danna sabuwar, ta kashe. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Wagga tana cin wanda yam mutu?"

Na ce a'a, sai sabo.

Ta ce to in jira. Na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta turo wata babbar ƙwarya cike da tsofaffin pil, an goge kowane, an jera su kai sama. Ta ce shi ya tara mata, ya ce za su kai ta shekara biyu ko ba ya nan. Ta ce in fitar da su, kada jikoki su sa a baki.

Allah ya jiƙan ɗan kawuna, ya yafe masa zafin ransa da wasan da ya yi da mutane, ya sa kabarinsa ya fi duk abin da ya taɓa haɗawa haske. Ya yafe wa ƙanwarsa abin da ba ta sani ba, ni kuma ya yafe mini abin da na sani. Goma sha tara da goma sha ɗaya, a kan wani zobe da ban san irinsa ba: abin da na tsirar ke nan daga aikin shekara ashirin, na kuma rubuta shi a nan ko zai yi wa wani amfani, ko da yake ban ga yadda zai yi ba.

Na ɗauki ƙwaryar na fita da ita bayan gari. Tana da nauyi, sai da na huta sau biyu. A bakin juji na ɗauki pil ɗaya na taɓa a harshe kamar yadda yake yi, na ji ɗan tsami, da sauran wuta a ciki. Na haƙa rami da sandata na zuba su duka, na tura ƙasa.